Sarautar Duke na Norfolk: gidan da sarakuna suka sha sare wa kai amma har yau yana riƙe da sarautar da aka ba shi a 1483

Duk wanda ya kalli jana'izar Sarauniya Elizabeth ta biyu ranar 19 ga Satumba 2022, ko bikin naɗin Sarki Charles ranar 6 ga Mayu 2023, ya ga tsari, kowa ya san inda zai tsaya da lokacin da zai motsa, dawaki da sojoji da shugabannin ƙasashe duk a jere babu mai shiga gaban wani. Da yawa sun ɗauka gwamnati ce ta nemo wani janar ko babban sakatare ta damƙa masa shirin. Gaskiyar magana nauyin yana wuyan wani mutum ne mai suna Edward Fitzalan-Howard, Duke na Norfolk na 18, kuma babu wanda ya zaɓe shi, bai yi intabiyu ba, gadon aikin ya yi ranar da mahaifinsa ya rasu a 2002, domin duk wanda ke riƙe da wannan sarauta shi ne Earl Marshal na Ingila, mai shirya naɗin sarki da jana'izar sarki da buɗe majalisa.

Sarautun gado a Birtaniya hawa biyar ne, Duke a sama, sai Marquess, sai Earl, sai Viscount, sai Baron a ƙasa. In ka cire 'yan gidan sarauta, Duke na Norfolk shi ne kan gaba a cikinsu duka saboda tasa ta fi daɗewa. Amma fa kada sunan ya ruɗe ka, ba ya mulkin yankin Norfolk, ba ya karɓar haraji, ba shi da hakimai ko dagatai, kai gidan nasa ma ba a can yake ba. Norfolk tana gabashin Ingila, shi kuma fadarsa tana garin Arundel a West Sussex can kudu.

Kafin a shiga tarihin sai an gane yadda gadon yake tafiya, in ba haka ba komai zai cakuɗe. Yawancin sarautun nan ana ƙirƙirarsu ne da takarda mai hatimin sarki, kuma a cikin takardar ake rubuta wanda zai gada tun ranar farko. Abin da aka fi rubutawa shi ne 'ya'ya maza na aure da suka fito daga tsatson wanda aka fara naɗawa. Babban ɗa ya gada, in ya riga ubansa rasuwa to ɗansa ne zai hau ba ƙanensa ba, in reshen ya ƙare babu namiji sai a koma baya a nemo reshe mafi kusa ko da kuwa sai an haura kakanni huɗu. Mai sarautar ba shi da ikon cewa ga wanda nake so, ba ya bayar da ita a wasiyya, ba ya sayarwa, ɗan riƙo ba ya gada, ɗan da aka haifa ba ta aure ba shi ma haka. Kuma daƙiƙar da mai ita ya cika, magajin ya zama, ba sai an yi taro ba. Abin da kawai dokar 1963 ta ba mutum dama shi ne ya ce shi dai ba ya so, ya ajiye ta tsawon rayuwarsa, in ya mutu ɗansa ya ɗauka. Haka Alec Douglas-Home ya yi a wannan shekarar don ya samu ya zauna a majalisar wakilai yana firaminista.

Idan kuma maza suka ƙare gaba ɗaya, sarautar ta mutu kenan. Misalin da muka fi sani shi ne Lugard, wanda ya haɗe kudu da arewacin Najeriya a 1914. An ba shi sarautar Baron a 1928, ya mutu a 1945 bai bar ɗa ba, shikenan ta bi shi kabari.

Ka ga nan ne suka sha bamban da mu. A masarautunmu in sarki ya rasu masu zaɓen sarki ne ke zama su duba 'ya'yan gidan, su miƙa sunaye, gwamna ya amince ya ba da sanda, wani wurin ma kamar Zazzau gidajen sarauta ne har huɗu. Amfanin namu shi ne ana iya tsallake wanda bai cancanta ba, illarsa kuma kowa ya gani, neman kamun ƙafa da siyasa da zaman kotu. Su nasu babu zaɓi sam, don haka babu gardama, amma duk wanda layi ya faɗo kansa shi ne, ko yaro ne ko mara lafiya.

Akwai hanya ta biyu wadda ta fi tsufa. Da can sarki yakan aika wa mutum takardar kira ya zo majalisa, in ya zo ya zauna to ya zama Baron, kuma irin wannan tana iya bi ta mace. Sai dai a dokar Ingila 'ya'ya mata duk daidai suke a gado, babu babba babu ƙarama, saboda haka in sun fi ɗaya sai sarautar ta tsaya a rataye, babu mai amsa sunan har sai zuriyar ta ragu zuwa mutum ɗaya ko sarki ya zaɓi ɗaya daga ciki. A Scotland kuwa irin waɗanda ke bi ta mace babbar 'ya ce take ɗauka kai tsaye. Riƙe wannan, zai dawo.

Asalin sarautar Norfolk ba ta gidan Howard ba ce. Sarki Richard na biyu ne ya fara naɗa Thomas Mowbray a 1397, shi kuma darajarsa ta kakarsa ta zo, Margaret, jikar Sarki Edward na ɗaya. Bai ji daɗinta ba, shekara ɗaya aka kore shi daga ƙasar, ya mutu a Venice a 1399. 'Ya'yansa da jikoki suka ci gaba har 1476 lokacin da Duke na huɗu a gidan Mowbray ya mutu ya bar 'ya ɗaya tal, Anne, 'yar shekara uku, ga dukiya mai ɗimbin yawa. Sarki Edward na huɗu ya ga wannan dukiya ba zai bari ta wuce shi ba. A watan Janairu 1478 aka ɗaura wa yarinyar aure tana shekara 5 da ɗan sarkin, Richard, yana shekara 4, an riga an ba yaron sarautar Norfolk. Anne ta mutu a 1481 tana shekara 8. A ƙa'ida dukiyar ta koma wa danginta, John Howard da William Berkeley, amma sarki ya sa majalisa ta yi doka cewa ɗansa ya ci gaba da riƙewa. Wannan yarinya tana ba ni tausayi ƙwarai, domin tun tana raye har ta mutu kadara aka ɗauke ta. A 1964 ne ma wasu ma'aikatan gini a Landan suka tono akwatin gawarta na dalma, aka sake binne ta a cocin Westminster shekarar da ta biyo.

John Howard bai manta da abin da aka yi masa ba. Mahaifiyarsa Margaret 'yar Thomas Mowbray ce, wato yana ganin haƙƙinsa aka danne. Da Edward na huɗu ya mutu a 1483, ƙanensa ya ture 'ya'yan ya hau a matsayin Richard na uku, Howard na tare da shi, kwana biyu da hawansa, ranar 28 ga Yuni 1483, ya naɗa Howard Duke na Norfolk. Yaron nan mai sarautar kuwa da wansa an kulle su a Hasumiyar Landan, daga nan ba a sake ganinsu ba. Daga wannan rana ake ƙirgen da ya kawo mu na 18 yau.

Shekara biyu kawai ya yi. Ranar 22 ga Agusta 1485 a yaƙin Bosworth aka kashe shi tare da sarkin nasa, Henry Tudor ya hau. Nan sai wani makami ya shigo wanda zai dinga bin gidan nan, wato majalisa ta yi doka ta ce wane ya ci amanar sarki, in an yi haka an ƙwace sarauta da filaye, kuma jinin mutum ya gurɓata a idon doka, 'ya'yansa ba sa iya gado ta hanyarsa. Sai wata dokar ce kaɗai ke warwarewa. Ɗansa Thomas an kama shi da rauni, ya yi sama da shekara uku a tsare, aka sake shi a 1489 aka mayar masa da ƙaramar sarautarsa ta Earl na Surrey, amma babbar aka riƙe. Mutumin nan ya yi haƙuri, ya yi wa gidan da ya kashe ubansa hidima shekara da shekaru, har ranar 9 ga Satumba 1513, Sarki Henry na takwas yana Faransa yana yaƙi, Sarkin Scotland James na huɗu ya shigo Ingila da runduna, Thomas yana tsoho ɗan kimanin shekara 70 ya tare shi a Flodden, aka kashe James a filin. A 1514 aka mayar masa da sarautar ubansa. Har yau in ka duba tambarin gidan za ka ga rabin zaki irin na Scotland da kibiya ta soke shi a baki, tukuicin wannan rana kenan.

Zamanin Duke na 3 shi ne ya fi kowanne muni a ganina, kuma ba sarki kaɗai nake ba laifi ba. Matan Henry na takwas guda biyu 'yan gidan ne, Anne Boleyn 'yar 'yar uwarsa ce, Catherine Howard kuma 'yar ɗan uwansa. Ya ci moriyar aurensu, da abu ya lalace ya janye jikinsa. Shi ne ya jagoranci shari'ar Anne a 1536, da bakinsa ya karanta mata hukuncin kisa. Catherine aka sare mata kai a 1542. Bai tsira ba duk da haka, a ƙarshen 1546 aka kama shi da babban ɗansa Henry, Earl na Surrey, wanda mawaƙi ne sananne, laifin da aka ɗora wa ɗan shi ne ya saka tambarin wani tsohon sarki a cikin nasa, aka ce yana hangen gadon sarauta. An sare kansa ranar 19 ga Janairu 1547. Uban yana jiran tasa ranar, sai sarkin ya mutu ranar 28 ga wannan watan, kwana bai ƙare ba. Ya zauna a kulle har 1553 da Sarauniya Mary ta sake shi ta mayar masa da komai, ya mutu shekara ɗaya bayan nan, jikansa ya gada tunda uban yaron ya riga ya tafi.

Jikan nan, Duke na 4, abu biyu ya yi da suka canza gidan. Na farko ya auri Mary FitzAlan, 'yar Earl na Arundel, ta haifa masa ɗa Philip a 1557 ta rasu ba da jimawa ba. Na biyu ya shiga shirin auren Mary Sarauniyar Scotland wadda ke tsare a Ingila, abin ya haɗe da makircin ture Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, ranar 2 ga Yuni 1572 aka sare masa kai, sarautar ta sake tafiya. Wannan karon shekara 88 ta yi babu.

To me ya riƙe gidan a tsawon wannan lokaci? Gadon uwa. A 1580 kakan Philip na wajen uwa ya rasu babu ɗa namiji a raye, Philip ya zama Earl na Arundel, ya samu fadar da aka fara ginawa tun 1067, kuma tunda ta wajen uwarsa ta zo hukuncin da aka yi wa ubansa bai taɓa ta ba. Shi ma bai zauna lafiya ba, ya koma ɗarikar Katolika a lokacin da hakan babban laifi ne, a 1585 aka kama shi a teku yana ƙoƙarin barin ƙasar, ya yi shekara 10 a Hasumiyar Landan ya mutu a 1595 bai taɓa ganin ɗan da matarsa ta haifa bayan an kulle shi ba. Rubutun da ya sassaƙa da Latin a jikin bangon ɗakin yana nan masu yawon buɗe ido suna gani. Fafaroma Paul na shida ya ayyana shi waliyyi a 1970. Ka ƙirga, na farko ya mutu a yaƙi, na uku ya kwana a bakin takobi, ɗansa an sare, jikansa an sare, tattaɓa-kunnensa ya mutu a kurkuku.

Ɗan da Philip bai gani ba, Thomas, Sarki James na ɗaya ya mayar masa da sarautar Arundel da aka ƙwace wa ubansa, a 1604, ya yi ta neman babbar sarautar har ya mutu bai samu ba. Sai a 1660 da Charles na biyu ya dawo kan gado majalisa ta yi doka ta dawo da ita, kuma da matsayinta na 1483 kamar ba a taɓa yankewa ba. Nan ne za ka ga tsaurin tsarin a fili. Wanda layi ya faɗo kansa, shi ma Thomas, yana da taɓin hankali, yana zaune a Padua a Italiya ana kula da shi, kowa ya san ƙanensa Henry ne ke tafiyar da komai na gidan, amma babu wanda ya isa ya tsallake shi. Shi aka ba, ya riƙe sunan Duke na 5 daga can har ya mutu a 1677, sannan ƙanen ya hau. Shi Henry ɗin ne a 1672 sarki ya mayar wa da muƙamin Earl Marshal na gado, abin da ya sa har yau shirin naɗin sarki yake gidan.

Sai kuma matsalar addini, wadda ta fi ƙarni ɗaya da rabi tana cin su. Dokokin 1673 da 1678 sun hana ɗan Katolika riƙe muƙami ko zama a majalisa. Wato ga mutum shi ne babban mai sarauta a ƙasar, amma kujerarsa a majalisar dattawa babu kowa, aikin da ya gada ma sai dai ya wakilta wani ɗan cocin Ingila ya yi masa. Wasu daga cikinsu sun gaji sun sauya coci, kamar na 7 da na 11, amma gidan ya dinga komawa inda ya fito. A 1824 aka yi doka ta musamman don Duke na 12 ya yi aikinsa da kansa, a 1829 aka ɗage takunkumin ya shiga majalisa. Abin lura ne ƙwarai cewa sarkin Ingila shi ne shugaban cocin Ingila, doka ma ta hana ɗan Katolika hawa gadon, amma mai shirya masa naɗin ɗan Katolika ne, kuma an zauna a haka.

Yanzu a dawo kan maganar mata, domin ita ce ta sa na ɗauko wannan tarihi. A 1777 Duke na 9 ya mutu yana shekara 91 babu ɗa. Abin da ya tara na sarautu sai ya rabu biyu. Ta Duke ta tsallaka wurin wani dangi, Charles Howard na Greystoke, wanda kakansa da kakan mamacin wa da ƙane ne. Tsofaffin sarautun Baron irin su Mowbray, masu bi ta mace, suka rataye tsakanin zuriyar 'ya'yan ɗan uwansa mata biyu, ta Mowbray sai a 1878 aka sauko da ita aka ba gidan Stourton, shekara 101 kenan tana rataye, kuma ta bar gidan Howard har yau.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne 1975. Bernard, Duke na 16, ya gada a 1917 yana ɗan shekara 8, shi ya shirya naɗin George na shida a 1937 da na Elizabeth a 1953 da jana'izar Churchill a 1965. Allah ya ba shi 'ya'ya huɗu, Anne da Mary da Sarah da Jane, duk mata. Ranar da ya rasu a watan Janairu 1975 babu ko ɗaya a cikinsu da doka ta kalla. Sai da aka koma baya har kan Duke na 13 wanda ya mutu tun 1856, aka biyo ta ɗansa na biyu, aka sauko kan wani janar ɗin soja mai ritaya, Miles Fitzalan-Howard, ya zama na 17, fadar Arundel ma ta bi sarautar. Shi ne mahaifin na yanzu. Amma akwai wata ƙaramar sarauta ta Scotland, Herries na Terregles, wadda Bernard ya gada daga mahaifiyarsa, ita tunda tana bi ta mace sai ta tafi wurin babbar 'yar, Anne, wadda ta yi suna wajen horar da dawakin sukuwa. Da ta rasu a 2014 babu ɗa Mary ta karɓa, da ita ma ta rasu a 2017 ta koma wurin Jane. Uba ɗaya, rana ɗaya, sarauta ɗaya ta ce 'yarsa ta isa, ɗayar ta ce ba ta isa ba, kuma bambancin kawai abin da aka rubuta ne ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne in ka bi tarihin gidan nan daga farko, kusan duk abin da suke taƙama da shi mace ce ta kawo. Jinin sarauta ta Margaret jikar Edward na ɗaya ya shigo. Hujjar da John Howard ya nemi Norfolk da ita ta mahaifiyarsa ce. Fadar Arundel da sarautarta, wadda ta riƙe su a lokacin da suka rasa ta Duke, Mary FitzAlan ce, har sunan mahaifinta suka ɗauko suka haɗa da nasu a 1842. Shi kansa Miles kafin ya zama Duke ya riga ya gaji sarautar Baron Beaumont daga mahaifiyarsa a 1971. Mace tana iya zama hanyar da sarauta ke bi ta shigo gida, amma ba ta iya zama a kan ta Norfolk. Ni dai ban ga adalci a nan ba, musamman a ƙasar da mace ta yi shekara 70 a kan babban gadon.

Kuma ba wai ba a taɓa yi ba ne. A 1706 majalisa ta yi doka don 'ya'yan Duke na Marlborough mata su gada tunda ɗansa ya rasu, Henrietta ta hau a 1722. Mountbatten, kawun mijin Sarauniya Elizabeth ta biyu, da aka ba shi tasa an rubuta tun a takardar cewa 'yarsa za ta iya, kuma Patricia ta gada a 1979. Babban gadon ma an gyara, dokar 2013 ta ce duk wanda aka haifa bayan 28 ga Oktoba 2011 babba babba ne ko mace ko namiji, shi ya sa Gimbiya Charlotte, jikar Sarki Charles, take gaban ƙanenta Louis a layi. Amma wannan doka ba ta taɓa sarautun Duke da Earl da sauransu ba, 'yan majalisa sun sha kawo ƙudiri a kai, babu wanda ya kai ga zama doka.

Masu cewa a bar abin yadda yake suna da hujjarsu kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa akwai mazan da tun suna yara aka tarbiyyantar da su a kan su ne magada, an tsara filaye da gidaje da amanar dukiya a kan haka, in ka canza yau ka ƙwace wa wani abin da ya gina rayuwarsa a kai. Suna kuma cewa in mace ta gada, 'ya'yanta sunan wani gida za su ɗauka, bayan zamani biyu sarautar ta bar dangin, kamar yadda Mowbray ta tafi. Kuma gaskiya ne wannan tsaurin shi ya sa gidan Howard bai tarwatse ba, domin duk bala'in da ya faɗa musu, ranar da aka ce a dawo da sarauta babu wanda ya tsaya tambayar wa za a ba, an san shi. Na yarda da wannan, rubutacciyar ƙa'ida da babu mai iya lanƙwasa ta abu ne mai daraja. Sai dai ƙa'idar da ta ce babban ɗa ko mace ko namiji ita ma ai rubutacciya ce, ita ma babu zaɓi a cikinta, ba ta buɗe ƙofar gardama ko kaɗan. Maganar waɗanda ke jiran gado kuma an riga an ga maganinta, a sa rana a ce daga nan gaba, kamar yadda aka yi wa gidan sarki. Batun suna ma Turawan nan sun daɗe suna haɗa suna biyu ko su ɗauki na uwa in gado ya zo ta can, sunan Fitzalan-Howard kansa shaida ne. Sifaniya ta yi wannan gyara tun 2006 ga duk sarautunta na gado.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, tunda sarautar suna ce kawai. Da sauƙi a faɗa, amma har kwanan nan tana tafe da kujerar yin doka. Kafin 1999 ɗaruruwan masu sarautar gado suna zama a majalisar dattawa don kawai an haife su a gidan, gwamnatin Tony Blair ta cire su ta bar 92, a cikinsu akwai kujera ɗaya da aka ware wa Earl Marshal. Tunda kusan duk sarautun maza ke gada, waɗannan kujeru sun zama na maza kusan zalla, wato tsohuwar ƙa'idar gado ta shigo har cikin majalisar zamani. A watan Satumba 2024 gwamnatin Keir Starmer ta gabatar da ƙudirin cire ragowar gaba ɗaya. Ƙudirin kujera kawai ya nufa, bai soke sarautun ba, bai taɓa aikin shirya naɗin sarki ba, bai kuma ce komai a kan wa zai gada ba. Magajin Duke na yanzu shi ne babban ɗansa Henry, wanda aka haifa a 1987, ana kiransa Earl na Arundel don girmamawa kafin lokacinsa ya zo, kuma duk ranar da wani Duke na Norfolk ya sake barin 'ya'ya mata zalla, abin da ya faru a 1975 shi zai sake faruwa, Norfolk ta tafi wurin namiji mafi kusa, Beaumont kuma ta rataye a tsakanin 'yan matan.